Muna rubuta digiri a kan Narambaɗa, amma yaron da zai koyi ɗaukar sautin kotso sai ya tafi Ibadan

1/ Tun shekaranjiya ake yawo da maganar nan, wai duk wanda ya ce zai je makaranta ya karanci haɗa kiɗa ya ɓata kuɗin ubansa, ya tafi Zoo Road kawai ya kama wani oga. Na yi shiru na yi shiru, yau dai sai na tanka. Zaren yana da tsawo, wanda datarsa ta kusa ƙarewa ya ajiye sai dare.

2/ In fara da inda kuke da gaskiya, don kar a ce na ɓoye. Babu mai tambayarka takarda a ƙofar situdiyo a Kano. Mawaƙi ba ya cewa "nuna min difloma", cewa yake "buga in ji". In kiɗan ya shige shi, an gama ciniki.

3/ To amma daga "ba a tambayar takarda" zuwa "ba abin da za a koya" akwai tafiya, ta fi Gusau zuwa Kano nisa. Bakanike ma ba a tambayarsa takarda, kuma ban ji wanda ya ce a rufe sashen injiniya ba.

4/ Ku yi wannan gwajin yau. Ku sa waƙar Hausa da kuka fi so a mota, ku bi ta da wata ta Legas, kar ku taɓa maɓallin ƙara. Ku saurara da kyau. Tamu muryar ko dai ta soki kunne ko ta nutse, gangar ƙasa ta cakuɗe ta zama ruri. Tasu kowane abu yana zaune a wurinsa, kamar an jera kwanuka.

5/ Ba murya suka fi mu ba, wallahi. Wa zai ce Nura M. Inuwa ko Umar M. Shareef ko Hamisu Breaker ba su da murya? Ba kalmomi suka fi mu ba, nan kam ko kusa. Abin da suka fi mu shi ne aikin da ake yi bayan mawaƙi ya rufe baki ya tafi gida: miksin da mastarin.

6/ Wannan aikin kuwa ilimi ne, akwai lissafi a cikinsa. Ɗakin siminti mai rufin kwano yana dawo da sauti ya haɗu da wanda ke fita, sai wani amo ya ninku wani ya ɓace. Ka zauna a ciki ka daidaita waƙa, kunnenka yana maka ƙarya ba ka sani ba. Ka fita da ita waje ka ji wata aba daban.

7/ Mu kuma maganin da muka gada shi ne a manna kwalin ƙwai a bango. Kwalin ƙwai ba ya tare amon ƙasa, ko kaɗan. Yaro ya gani wurin ogansa, ogan ya gani wurin nasa ogan. Haka kuskure yake zama al'ada, har wanda ya yi tambaya a ce masa bai da ladabi.

8/ Kiɗan fiyano da muka taso da shi ya samo asali ne daga situdiyoyin Kano na shekarun 1990, irin su Iyan-Tama, da fiyanon Yamaha. Fim ɗin Sangaya na 1999 ya buɗe ƙofa, kowa ya bi. Mutanen nan sun yi ƙoƙari da abin da ke hannunsu, ba na raina su. Amma yau sama da shekara 25 ke nan, kuma har gobe za ka ji sautin sarewar cikin fiyanon nan a sabuwar waƙa.

9/ Kwamfuta ta zo, FL Studio ya zo, Cubase ya zo. Kayan aiki sun canza, kunne bai canza ba, don ba wanda ya zaunar da kunnen ya horar da shi.

10/ Ga wani abu da ya fi damuna. Hausa harshe ne mai karin sauti. "Wuya" na jikin mutum da "wuya" ta wahala rubutunsu ɗaya, hawa da saukar murya ne ya raba su. Makaɗan da suka gabata a kan wannan hawa da saukar suke ɗora waƙa, shi ya sa kalangu yake iya "magana" har a gane abin da ya ce.

11/ Mai kalangu yana matse igiyoyin da hammata, sautin ya zame daga nan zuwa can. Fiyano kuwa matakai goma sha biyu gare shi a kafe, ba zamiya. Ka ɗauko Auto-Tune ka murɗa shi har ƙarshe, sai ya fizgi muryar mawaƙi ya dasa ta a kan matakan nan da ƙarfi. Zamiyar da ke ɗauke da daɗin Hausar ta tafi. Abin da ya rage shi ne muryar nan ta ƙarfe da kowa ke yi, har ba ka bambanta mawaƙi da mawaƙi.

12/ Bidiyon wani Bature a YouTube ba zai gaya maka wannan ba, don harshensa ba ya aiki haka. Wannan darasi ne da sai a nan za a rubuta shi, kuma sai an haɗa malamin harshe da makaɗi da injiniyan sauti a ɗaki ɗaya. Ɗakin nan sunansa makaranta.

13/ Yanzu mu zo gida. Mu Zamfarawa in ana maganar kiɗa bai kamata mu sunkuyar da kai ba. Salihu Jankiɗi, Sarkin Taushin Sarkin Musulmi, ɗan Rawayya ne ta ƙasar Bunguɗu. Musa Ɗanƙwairo na Maradun. Sa'idu Faru. Kassu Zurmi. Sani Sabulu na Kanoma. Ga Narambaɗa na Tubali can gefenmu. Wace jiha za ta jero irin wannan ba ta yi numfashi ba?

14/ Kuma masu cewa "waƙa baiwa ce, ba a karanta ta", ku je ku duba yadda waɗannan suka zama abin da suka zama. Ɗanƙwairo ya yi shekaru yana amshi a ƙungiyar mahaifinsa, sannan a bayan yayansa Kurna, kafin ya ja tasa ƙungiyar. Shekaru fa, ba wata uku ba. Ana gyara maka karɓi, ana gyara maka hannu a kan kotso, ana koya maka tarihin gidan da za ka yi wa waƙa. In wannan ba makaranta ba ne, to mi ne ne?

15/ Waccan makarantar ta raunana, kuma ba mu gina wata a madadinta ba. Abin da ake kira koyo yanzu, sau da yawa, shi ne ka share situdiyo, ka sayo wa oga shayi da Indomie, ka leƙa allon kwamfuta ta bayan kafaɗarsa. Akwai ogannin kirki masu koyarwa, Allah ya saka musu. Amma sa'a ce, ba tsari ba.

16/ Abin dariyar, a jami'o'inmu waƙa tana da daraja sosai, in dai a takarda take. Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau, ɗan garin nan, ya yi shekaru yana tattara tarihin makaɗa da waƙoƙinsu, littattafansa irin su Jagoran Nazarin Waƙar Baka duk ɗalibin Hausa ya san su. Aiki ne babba. Ba a ƙirga kundin digirin da aka rubuta a kan Bakandamiya.

17/ Amma ɗalibin da ke rubuta kundin daga ina yake sauraron waƙar? Daga wani tsohon ɗauka da aka kwafo daga kaset zuwa kaset zuwa waya, yana shuuu kamar ana ruwa. Mun adana kalmomin, mun feɗe su, mun sa musu sunayen salo. Sautin kuwa mun bar shi yana ruɓewa.

18/ Jami'ar Ahmadu Bello ta ba Mamman Shata digirin girmamawa a 1988. Madalla. To a yankin nan namu ina ajin da jikan Shata zai shiga ya koyi yadda ake ajiye makirfo a gaban kalangu?

19/ Buɗe ƙasidar JAMB ka nemi kwas ɗin kiɗa. Za ka ga Nsukka, wadda ta buɗe sashenta tun 1961. Za ka ga Ife, Awka, Abraka, Uyo. Kwalejin kimiyya da fasaha ta Ibadan tana da sashe guda na fasahar kiɗa, ana yin difloma. A Legas ga makarantar MUSON. Ta ɓangarenmu sai ka dangana da Filato, Jos ko Pankshin. Yaro daga Tsafe ya ce wa babansa zai tafi Ibadan karatun kiɗa. Ku da kanku kun san amsar.

20/ Sai a ce min "ai manyan Legas ma ba su karanta ba". Wasu sun karanta. Fela ya tafi Trinity College a Landan a 1958. Tiwa Savage ta yi Berklee a Amurka. Davido, da duk kuɗin gidansu da sunan da ya riga ya yi, ya koma Babcock ya gama digirin kiɗa a 2015.

21/ Waɗanda ba su karanta ba kuma, duba inda suka taso. Don Jazzy a coci ya koyi kiɗa yana yaro. Wizkid a coci ya fara. Wato duk mako akwai ganga, akwai fiyano, akwai mai koyarwa, akwai jama'a da za su ji in ka yi kuskure, kuma iyayenka suna murna. Shekara goma a haka kyauta. Mu tsarin rayuwarmu daban ne, ba mu da wannan, kuma ba cewa nake mu kwaikwaya ba. Cewa nake kar ka kwatanta kanka da wanda ya yi makaranta ba tare da an kira ta makaranta ba.

22/ "To ka koya a YouTube mana." Na ji. Ni ma lokacin yajin aikin ASUU na 2022, wata takwas muna zaune, can na fara taɓa FL Studio, kuma na san da yawa a nan haka suka fara. YouTube yana da amfani. Amma ba ya jin abin da ka haɗa ya ce maka "nan ka ɓata".

23/ Sannan ku da ke ba da wannan shawara daga Abuja, kun tuna Satumbar 2021? An kashe layukan waya a Zamfara gaba ɗaya saboda matsalar tsaro. Makonni ba kira ba intanet, wasu ƙananan hukumomin ma sun fi Gusau daɗewa a duhu. Mutane suna tafiya Funtua don su yi waya. Makarantar da za a iya kashewa da takarda ɗaya daga ofis, ita za mu dogara da ita? Ban ma zo kan wutar lantarki da kuɗin data ba.

24/ "To ka tafi Kano." Ta wace hanya? Ta Tsafe zuwa Funtua, hanyar da uwa ba ta barci sai ka kira ka ce ka sauka. Ka je ka kwana ina? Ka ci mi? Wanda ke da ɗan'uwa a Kano ya tsira. Wanda ba shi da kowa ya haƙura da baiwarsa ya koma sayar da caja.

25/ 'Yan mata kuwa ba a ma fara maganarsu. Muna da mawaƙa mata, amma ku lissafa min matan da ke zaune a kujerar kwamfuta suna haɗa kiɗa. Wane uba ne a Bunguɗu zai bar ɗiyarsa ta je ta zauna a situdiyon maza har dare da sunan koyo? Ni ma ba zan bar ƙanwata ba. Amma aji mai malami da rajista da lokacin tashi, wannan ana iya zama a yi maganarsa a gida. A Gusau muna da kwalejin ilimi ta tarayya ta fasaha wadda mata zalla take ɗauka. Ku yi tunanin ɗakin sauti ɗaya a irin wannan wuri.

26/ Yanzu maganar kuɗi, inda abin ya fi ciwo. Ina da aboki, tare muka yi sakandare. Lokacin zaɓen 2023 ya haɗa kiɗan wata waƙar siyasa, kwana biyu bai yi barcin kirki ba. An ba shi abin da bai kai kuɗin buhun shinkafa ba. Waƙar nan ba motar kamfen da ba ta sa ta ba, har yara suna yi a layi. Mawaƙin ya samu abin da ya samu. Sunan abokina ko a ƙarshen waƙar ba a ambata ba.

27/ Da na ce masa ina yarjejeniyarku, dariya ya yi. Bai san cewa kiɗan da ya ƙirƙira dukiya ce a idon doka ba. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda aka sa wa hannu a 2023, tana kare aikin kiɗa har shekara 70 bayan rasuwar mai shi, sautin da aka ɗauka kuma shekara 50. Kuma sallama haƙƙin ga wani sai a rubuce. Akwai hukuma guda ta tarayya a kan wannan.

28/ Wane oga ne zai koya wa yaronsa wannan? Ogan da shi ma bai sani ba, ko ogan da ya sani kuma rashin sanin yaron shi ne ribarsa? A aji kuwa darasin mako biyu ne: yadda ake rubuta kason kowa kafin a fita daga situdiyo, yadda ake sa waƙa a Audiomack da Boomplay da Spotify da sunanka a ciki, yadda kuɗin YouTube ke zagayawa.

29/ Kuɗi yana cikin waƙar Hausa, kowa ya ga inda waƙar siyasa ta kai Rarara. Ba biki, ba kamfen, ba tallar shago da ba a nemi waƙa. Muna cin waƙa safe da yamma. Wanda ya dafa ta ne muke kira ɗan iska.

30/ Na san inda wasu ke jira na. Hukuncin kiɗa. Ni ba malami ba ne, ba zan ba da fatawa a nan ba, malamai sun yi magana kuma kowa ya san wanda yake bi. Mun kuma ga yadda maganar ƙauyen fim na Kofa a Kano ta ƙare a 2016, don haka na san ƙasar da nake takawa. Jihar da ta fara ƙaddamar da shari'a a 1999 nake magana a cikinta, ban manta ba.

31/ Amma ku amsa min wannan tsakani da Allah. Tafsirin azumi da ake watsawa a rediyo, wa yake ɗaukarsa? Lasifikar masallacin Juma'a da ke kuwwa tana yanke huɗuba, na sahun baya bai ji komai ba, aikin wa ne gyara ta? Ƙira'ar alaramma da kake so ka ji numfashinsa tsaf, sha'iran da ke yabon Manzon Allah (SAW), waƙen ɗaliban Islamiyya ranar sauka, shirin rediyo, fassarar fim, sanarwar rigakafi. Duk ilimi ɗaya ne: makirfo, ɗaki, amo, daidaitawa.

32/ Wanda ya karanci fasahar sauti yana iya yin aiki shekara talatin bai buga fiyano ko sau ɗaya ba, in haka ya zaɓa. Wanda ya ƙi a koyar da ita kuwa ba kiɗa ya hana ba, don kiɗa yana nan a wayar ɗansa. Ya dai tabbatar cewa za a ci gaba da yinsa a ɓoye, ba tsari, ba mai sa ido.

33/ Kar kuma masu "akadami" na wata uku su ɗauka ina tare da su. Ɗaki ɗaya, kwamfuta ɗaya, manhajar sata, ɗalibi goma sha biyar, a ƙarshe a buga maka satifiket mai zanen zinare a shagon hoto. Kafin ka biya ko sisi, ka ce su sa maka waƙa uku da malamin ya yi wa miksin, ka saurara a mota. Ka tambayi awa nawa hannunka zai taɓa na'ura a mako. In suka fara kame-kame, kama gabanka.

34/ Abin da nake nema ba wani gini ne na biliyoyi ba. Difloma ta shekara biyu a fasahar sauti, a ɗaya daga kwalejojin fasaha da muke da su, ko ta Abdu Gusau a Talata Mafara ko ta tarayya a Ƙaura Namoda. Hukumar NBTE da ke tantance irin wannan kwas a Kaduna take, ba a Landan ba. TETFund tana saya wa makarantu kayan aiki kowace shekara. Ɗaki biyu da aka gyara bangonsu yadda ya kamata, kwamfutoci, makirfo masu kyau, sola.

35/ A koyar da kimiyyar amo, da lantarki, da horon kunne, da doka, da kasuwanci. A tura ɗalibai sanin makamar aiki gidajen rediyo da situdiyoyin Kano, don can ne za su san mutane, kuma sanin mutane shi ne ƙofar da takarda ba ta buɗewa. Bambancin shi ne za su shiga da abin da ogan ke buƙata, ba da tsintsiya ba.

36/ Sannan, wannan shi ne zuciyar maganar, a ɗauko makaɗan fada a sa su a gaban aji a biya su kamar kowane malami. 'Ya'ya da jikokin mutanen da na lissafa suna nan suna bugawa. A ɗauki taushi, kotso, kalangu, gurmi, kukuma, algaita, bugu ɗaya-ɗaya, a tsabtace, a tara su yadda yaro zai buɗe kwamfuta ya same su kamar yadda yake samun gangar amapiano.

37/ Ku lura, 'yan Afirka ta Kudu da sauti ɗaya suka cika duniya, har mawaƙanmu na nan suna ara. Mu muna zaune a kan sautuka da ba wanda ke da su, muna aron tabla ta Indiya daga cikin fiyano. Ranar da wani furodusa daga waje zai zo ya ɗauki kotso da kyau ya sayar wa duniya, a nan za mu cika da kuka an sace mana al'ada.

38/ Ƙanina da ke aji shida kana karanta wannan: kar ka yar da lissafi da fiziks don kana son kiɗa, su ne rabin aikin. In gida za su bar ka ka je Jos ko Ibadan, je ka. In ba za su bari ba, nemi lantarki ko kwamfuta ko aikin jarida a nan kusa, ka riƙa shiga gidan rediyo, kuma duk kiɗan da ka haɗa wa wani, ko ɗan unguwarku ne, ku rubuta a takarda ku sa hannu.

39/ Masu zagi a akwatin saƙo, na gani, ba zan amsa ba. Wanda kuma ya san makaɗin taushi ko kotso a Rawayya, Kwatarkwashi ko Maradun da zai yarda a ɗauki bugunsa, ya yi min magana. Muna da makirfo biyu na aro da wani abokina mai sola. Kuɗin mota mu za mu biya, kuma za a rubuta sunansa da kasonsa kafin a kunna komai.